An fesa wa motata jan fenti da dare, yaya zan cire shi ba tare da na ɓata na asali ba?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Talaje a nan Yamai. Gidan haya nake, babu wurin shigar da mota, a ƙofar gida take kwana. Shekaranjiya da asuba na fito zan tafi masallaci na tarar an fesa mata jan fenti na gwangwani, tun daga ƙofar direba har ƙofar baya. Ya taɓa gilashi da fitilar baya da baƙar robar da ke gindin ƙofa. Motar Toyota Corolla ce mai ruwan azurfa, na saye ta hannu na biyu a nan gari. Wani ya ce in goge da diliyan, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, wani ya ce man birki, mai wankin mota kuma ya ce fetur da soso. Ban taɓa ta ba tukuna. Me zan yi? Ko sai an sake fentin gefen gaba ɗaya?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri, ya shirya wanda ya yi wannan aiki.

Abin da kake son sani shi ne ko jan fentin zai fita ya bar na motar lafiya, da me za a cire shi, kuma wace shawara za ka ɗauka cikin ukun da aka ba ka. Amsar farko mai daɗi ce: fentin gwangwani, wanda muke kira bom, yawanci yana fita ƙal daga jikin mota ba tare da an sake fenti ba. Kuma da ka bar ta ba ka taɓa ba, ka kyauta. Galibin motocin da ake kawo mana garaji da irin wannan matsala, ɓarnar da ta fi wuyar gyara ba ta mai bom ba ce, ta wanda ya yi gaggawar gogewa ce. Sai dai amsar ta rataya ne a kan abu guda da ba ka faɗa ba, ƙila ma ba ka sani ba: wane irin fenti ne a ƙarƙashin jan? Na kamfani ne, ko an taɓa sake fesa ƙofofin nan a garaji kafin motar ta zo hannunka? Ruwan da zai wanke ƙofa mai fentin kamfani tas, shi ne zai narkar da ƙofar da aka yi wa fentin araha.

Kafin komai ka ɗauki hotuna da rana, na nesa da lambar motar ta fito, da na kusa. Idan kana da niyyar kai ƙara ofishin ƴan sanda, ka kai kafin ka goge. Inshorar dole da kowa ke yanka tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, ba ta shafi jikin motarka ba. Idan kuwa taka mai ɗaukar kowace irin asara ce, duba takardar ka ga ko ɓarnar ganganci na ciki, ka sanar da su da wuri, domin wa'adin sanarwa gajere ne, sau da yawa kwana 5 na aiki.

Abin da ke ƙarƙashin jan fentin

Fentin mota na kamfani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin hana tsatsa, sai shafin share fage, sai launi, sai berni a sama, wato ruwan ƙyalli marar launi da ke kare sauran daga rana. Dukkansu a haɗe kaurinsu bai cika wuce mikron 100 zuwa 150 ba (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), berni shi kaɗai kuma wajen 40 zuwa 50 ne, kusan rabin kaurin takardar rubutu. A kan wannan ɗan siririn abu duk aikinmu zai gudana. Amma yana da ƙarfi, saboda a masana'anta ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 140, sinadaransa su sarƙe da juna, ta yadda ba ya sake narkewa cikin sauƙi. Fentin bom kuwa iska ce kawai ke busar da shi, kuma an fesa shi a kan wuri mai santsi da ƙura, ba a kankare ba, ba a share masa fage ba. Zaune yake a sama, bai kama ba. Wannan bambanci shi ne ribarmu: muna neman ruwan da ya fi ƙarfin bom amma bai kai ƙarfin berni ba, mu kuma ba shi ɗan lokaci kaɗan.

Mota mai ruwan azurfa irin taka, da duk launi mai ƴan ƙyalƙyali a ciki, da berni take fitowa daga kamfani. To amma motocin Yamai nawa ne suka kai shekara goma a gari ba su ga mai fenti ba? Wasu tun kafin su iso daga Kwatano ko Lome an shafe musu tabo, wasu kuma babur ya goge su an gyara. Mai fenti na iya amfani da fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa maganin taurarawa, za ka ga an rubuta 2K a gwangwaninsa. Wannan idan ya kwana biyu ya ƙeƙashe yana jure wa kusan kamar na kamfani. Yana kuma iya amfani da fentin selulos, mai araha da saurin bushewa, wanda ko bayan shekara biyar diliyan zai narkar da shi kamar jiya aka fesa. Ko kuma ya fesa 2K ɗin amma ya rage maganin taurarawa don ya yi tsimi, fentin ya zauna da laushi har abada.

Ga yadda za ka gane. Buɗe ƙofofin biyu ka shafa yatsa a gefen cikinsu: idan ka ji wani layi mai kaifi ko kaushi inda aka liƙa salatif, an sake fesawa. Duba robar da ke zagaye da gilashi da gindin marikin ƙofa, ko akwai burbushin fenti a kansu. Kamfani yana fenti kafin ya ɗaura roba, don haka fenti a kan roba aikin garaji ne. Tsaya a gaban motar da hantsi ka kalli gefenta a karkace, ka gwada launin ƙofa da na ginshiƙi da na murfin inji. Ƙofar da ta ɗan fi duhu ko haske, ko kake ganin ƴan ƙwayoyin ƙura a cikin ƙyallinta, an taɓa ta. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a tsumma ka bi jikin ƙofar, inda ya ƙi kamawa sosai akwai mastik a ƙasa, wato abin da masu fenti ke cike lotsawa da shi.

Sai gwaji biyu, a wurin da ido ba ya kaiwa, kamar can ƙasan ƙofa ta ciki. Kowace ƙofa da nata gwajin, kada ka gwada ta gaba ka yanke wa ta baya hukunci. Na farko: ɗan man folish a farin tsumma, ka murza sau goma. In tsumman ya ɗauko launin motar, babu berni a wurin. Na biyu: ɗiga asiton, wani ruwa mai ƙarfi da ke narkar da fenti, a auduga, ka danna a wurin daƙiƙa 5, ka ɗaga, ka taɓa da yatsa. Idan wurin yana nan da santsi da ƙyalli, fentin mai ƙarfi ne. Idan ya yi danƙo, ko ya dushe, ko audugar ta manne, to asiton da diliyan sun haramta a wannan ƙofar.

Ga masu farar mota da ke karanta wannan: farin Toyota na yau da kullum, mai lamba 040, da yawansa babu berni daban a samansa ko daga kamfani. Tsumma zai ɗauko fari, wannan ba ya nuna an sake fenti, amma irin wannan farin ya fi shan launi, ja ya fi barin inuwa a kansa.

Lokaci da rana

Fentin bom yana bushewa a taɓa shi cikin minti 10 zuwa 30, ya yi tauri cikin yini guda, amma ƙeƙashewarsa ta ainihi tana ɗaukar kwanaki. Iri biyu ne aka fi samu a shagunan Katako da sauran wurare. Akwai mai akirilik, wanda bushewarsa tashin ruwansa ce kawai, shi ko ya daɗe yana sake narkewa. Akwai mai mai, wanda iska ke ci gaba da taurara shi kullum, shi ne wanda kananzir ke cirewa yau amma bayan mako biyu ya gagare shi. Ba ka san wanne aka fesa maka ba, saboda haka ka ɗauka mai taurin ne, ka yi aikin gobe ko jibi, kada ka jira ƙarshen wata. Kafin nan ka nema wa motar inuwa. Ranar Yamai gasa fenti take yi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da iska kanta ke haura digiri 40, ƙarfen mota a rana yana iya kai 70, kuma kowane yini da ta yi a haka jan yana ƙara kamawa.

Wannan zafin kuma shi ya sa ba a yin aikin da rana tsaka. Asiton yana tafasa a digiri 56. A kan ƙofa mai zafi kafin ya narkar da komai ya tashi, ya bar maka jan da ya yi rabin narkewa ya sake daskarewa a shafe, wanda ya fi na farko muni. Berni mai zafi kuma ya fi laushi, ya fi saurin karcewa. Ka yi aikin bayan sallar asuba zuwa hantsi, a inuwa, lokacin da za ka ɗora bayan hannunka a ƙofar ka ji sanyi.

Kayan da za ka tanada: bokiti biyu, sabulun ruwa na wankin mota ko na wanke-wanke, farin tsumman auduga mai laushi kamar guda goma, tsohuwar farar singileti da aka yayyanka ta isa, tsumman mikrofiba biyu ko uku na gamawa, salatif na takarda irin na masu fenti, rabin lita na kananzir ko white spirit (ruwan tsinka fentin mai), kwalbar alkol mai digiri 90 daga famasi, ƙaramar kwalbar asiton, man folish mai ɗan kaushi, kakin mota, tsohon katin roba irin wanda ake ɓalle layin waya daga jikinsa, da sabuwar reza. Fari nake cewa a tsumma don dalili: shi ne zai riƙa gaya maka abin da ke fita.

Wanki ne farko, kuma ba na wasa ba. Ƙurar garin nan yashi ce, kuma yashi ya fi berni tauri. Duk tsumman da ka murza a kan ƙofa mai ƙura ya zama samfefa. Kwarara ruwa da yawa daga sama kafin hannu ya taɓa, sannan ka wanke da kumfa, kana ɗauraye tsumman a bokiti na biyu. Kada ka sa garin omo, ƙwayoyinsa da ba su narke ba suna karce. Idan an taɓa shafa wa motar kaki kwanan nan, za ka iya ganin wani sashe na jan ya fara ɓantarewa tun a nan. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana taimakawa a fentin kamfani, daga nisan santimita 30 ko fiye, amma a ƙofar da aka sake fesawa yana iya shiga ƙarƙashin berni ya ɗaga shi. Bayan ta bushe, ka rufe fitilar baya da robobin gilashi da baƙar robar gindin ƙofa da salatif, don abin da za ka zuba kada ya gangara kansu.

Cire shi daga jikin ƙofa

Daga mai sauƙi ake farawa, a hau sama in ya ƙi. Fara da kananzir ko white spirit. Jiƙa tsumma, kada ya riƙa ɗiga, ka shimfiɗa a kan wuri mai faɗin tafin hannu, ka bar shi minti ɗaya zuwa biyu, sannan ka share da sauƙi daga bakin zanen zuwa tsakiyarsa. In ka share daga tsakiya zuwa waje, faɗaɗa jan kake yi. Kowace shara ka juya tsumman zuwa wuri mai tsabta, in ya cika ka ajiye shi ka ɗauki wani. Mutane da yawa a nan suke kuskure: suna ci gaba da tsumma ɗaya har ƙofar gaba ɗaya ta koma ruwan hoda. Kananzir da white spirit ba sa cutar da berni mai lafiya, kuma ko a fentin selulos su ne mafi aminci, sai dai suna da jinkiri. Inda fentin ya taru ya gangaro ya yi kauri, bar tsumman ya daɗe, sannan ka tura bakin katin roba a kwance ka ɗaga shi. Kada ka kankara da farce ko wuƙa.

Idan bayan gwaji biyu ko uku tsumman bai ɗauko ja ba, koma kan alkol. Shi ya fi cin mai akirilik da tawadar maka. Yadda ka yi da kananzir haka za ka yi, amma kada ka bar shi ya wuce rabin minti, kuma a ƙofar da ba ta ci gwaji ba ka surka shi da ruwa rabi da rabi.

Fetur da mai wanki ya faɗa yana aiki a kan bom mai mai da bai daɗe ba, kuma berni na kamfani yana jure masa, ai kullum yana zuba a bakin tanki. Duk da haka ba na ba da shawararsa. Abin da zai yi white spirit zai yi, ba tare da haɗarin gobara irin nasa ba, kuma na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya ba ka san me aka gauraya masa ba. Soson kuwa, in dai mai koren bayan nan ne na wanke tukunya ko na waya, shara ɗaya ta isa ta kashe ƙyallin ƙofar.

Asiton shi ne babban makami, kuma a ƙofar da ta ci gwaji kaɗai. A nan daƙiƙa ake ƙirgawa. Tsumman asiton a hannun dama, tsumma mai ruwan sabulu a hagu. Ɗan jiƙa, share sau biyu ko uku a wuri ƙarami, duka kada ya wuce daƙiƙa 5 zuwa 10, nan take ka bi da ruwan sabulu. Matsa gaba zuwa wani wuri, ka bar na farko ya huta minti biyar kafin ka dawo masa. Kada ka tsiyaya asiton a jikin mota kai tsaye, kada ka shimfiɗa tsummansa ka tafi. Ka riƙa kallon tsumman: ja kake so ka gani. Idan ka ga ruwan toka ko ƙyalƙyali, ka riga ka huda berni, tsaya. Amma tun kafin a kai nan akwai alama: tsumman zai fara jan ƙafa, ya daina sulɓi, wurin ya yi danƙo ko ya dushe. Da ka ji haka ka wanke da ruwa ka bar wurin har gobe. Berni da ya ɗan kumbura yakan koma daidai idan aka ƙyale shi ya bushe, in aka ci gaba da murza shi kuwa sai ya yage. Ruwan goge jan farce na mata ma yana yi, galibinsa asiton ne ko ɗan'uwansa, kuma gwajin nan dai za a yi masa.

Diliyan na selulos, wanda wasu ke kira tina, yana cire bom da sauri ƙwarai, shi ya sa kowa ke ambatonsa. Matsalarsa ba ya tashi da wuri kamar asiton, yana zama ya ratsa. Mu a garaji muna amfani da shi a kan fentin kamfani, da hannu mai sauri, amma wanda bai saba ba gara ya tsaya a asiton. A kan fentin selulos ko 2K da bai kai wata ɗaya zuwa uku da fesawa ba, diliyan zai kwashe ja da azurfa tare, ka ga shafin share fage yana kallonka.

Man birki kuwa, wanda ya ba ka wannan shawara ya nufe ka da alheri amma bai san abin ba. Gaskiya ne yana cin fenti, sai dai ba ya bambanta na ɓarna da na mota. Yana ratsa berni ya kumbura shi har ƙasa, wurin ya yi ƙuraje ya saɓule. Haka ma dekafan da ake cire fentin ƙofar gida da shi, da soda, da ruwan batir. Ko kusa da motar kada a kawo su.

Idan ƙofar ta kasa gwaji, hanyarka ita ce kananzir da haƙuri, sannan man folish. Folish yana cin jan ne a hankali ta hanyar gogayya, ba narkarwa ba. Ɗan ɗigo a tsumma, ka murza da matsakaicin ƙarfi a wuri ƙarami, ka share ka duba. Aikin yini ne, hannu zai gaji, amma fentin zai tsira.

Bayan babban zanen ya fita za ka ga ƴan ɗige-ɗigen ja sun watsu kewaye da shi, wani lokaci har rufin motar. Sa hannunka cikin leda mai laushi ka shafa, za ka ji su kamar tsakuwa. Maganinsu lakar goge mota, wata ƴar dunƙulen roba mai laushi da ake samu a shagunan kayan kwalliyar mota. Zuba murfi ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya ta ruwa, ka jiƙa wurin sharkaf, ka lallatsa lakar ta yi faɗi, ka riƙa zame ta gaba da baya ba tare da dannawa ba. In ta yi datti ka ninke ta. In ta faɗi ƙasa ka yar, ta kwashi yashi ke nan. Idan ba ka same ta ba, folish zai yi.

Wajen lafiyarka: a fili za ka yi, ba cikin rufaffen shago ba. Ka sa safar hannu, ka nisanci taba da murhun shayi na ƴan fada. Tururin asiton da na fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tarar da garwashi. Tsummokaran da suka jiƙe ka baza su a waje su bushe kafin ka zubar.

Gilashi, fitila da baƙar roba

Gilashi shi ne mafi sauƙi. Jiƙa da ruwan sabulu, ka kwantar da sabuwar reza sosai, ka tura gaba kawai, sannan ka share ragowar da asiton. Ta waje kaɗai. Ta ciki akwai ledar duhu in an liƙa, kuma a gilashin baya akwai siraran layukan ɗumama, reza tana tsinka su.

Fitila ce ke son taka-tsantsan. Murfin fitilar baya robar akirilik ce, na gaba kuma polikabonet, kuma asiton da diliyan suna sa su yi fari ko su tsattsage nan take, babu gyara sai sauyi. Alkol mai ƙarfi ma yana iya tsattsaga ta baya. A nan ɗan white spirit a tsumma, a share da sauri a wanke, sauran kuma man folish ya ƙarasa. Idan jan ya yi kauri, samfefar ruwa mai lamba 2000 sannan 3000, sai folish, tana mayar da fitila garau.

Baƙar robar gindin ƙofa ita ce za ta fi ba ka wahala, domin fuskarta ƙurji-ƙurji ce, jan ya shige ramukan. Kananzir ko alkol da tsohon buroshin haƙori, a yi ta maimaitawa. Asiton ba ya narkar da irin wannan roba amma yakan bar ta da fari-fari. Kada ka sa mata folish, zai maƙale a ramukan ya zama wani sabon tabo. In ta ƙi fita gaba ɗaya, cire ta a fesa mata baƙin fentin roba, ko ka nemi ta hannu a wurin masu kayan tsofaffin motoci, sau da yawa hakan ya fi sauƙi.

Idan ba bom ba ne, fentin gini aka watsa: na ruwa yana laushi da tsumma mai ruwan ɗumi da sabulu in aka bar shi minti goma, ragowar alkol ya ɗauke. Na mai kuma white spirit ne maganinsa.

Bayan ya fita

Wanke gefen gaba ɗaya da sabulu, ka fito da motar rana ka duba. Abu uku kan rage. Ko dai wurin ya ɗan dushe, wanda folish na hannu ke gyarawa. Ko inuwar rubutun ta rage, ruwan hoda-hoda, musamman in berni ya tsufa rana ta buɗe masa ƙofofi. Ko kuma, abin mamaki, inda aka goge ya fi sauran motar ƙyalli, sai an bi gefen duka da folish kafin su daidaita.

Inuwar ja ita ce ke kai mutane ga samfefa, kuma a nan nake cewa a dakata. Fara da folish mai kaushi, zagaye biyu ko uku. In ta ragu amma ba ta ɓace ba, ba ta mako biyu, jan bom ba ya jure rana, sau da yawa yana ƙara kodewa da kansa. In ta tsaya, to aikin injin folish ne ko samfefar ruwa, kuma wannan na mai fenti ne da ya saba. Ana jiƙa samfefa 2000 minti 15, a naɗe ta a kan ɗan katakon roba, a goga da ruwa a hankali, a bi da 3000, sannan inji a gudun da bai wuce juyi 1500 a minti ba, ana nisantar gefuna da layukan lanƙwasa da santimita biyu saboda fenti ya fi siranta a can. Abin da za a ci daga berni bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa ba. In aka wuce, yau zai yi kyau, amma bayan rani ɗaya ko biyu zai fara fari yana ɓarewa kamar yadda kake gani a rufin tsofaffin motoci.

Duk abin da ka shafa ya wanke kakin da ke jikin motar, don haka ka rufe aikin da sabon kaki, shafi biyu sirara, a inuwa. Ka riƙa maimaitawa duk wata biyu zuwa uku. Mota mai kaki, ko an sake fesa mata bom, ba ya kama ta sosai.

Ban ga motarka ba, kuma akwai halin da duk wannan bayani ba zai wadatar ba. Idan berni ya riga ya fara ɓarewa a ƙofofin tun kafin wannan abu, jan ya shiga cikin launin kansa, gogewa ba za ta fitar da shi ba. Idan wanda ya yi fesan ya haɗa da karta da ƙusa ko makulli, ja farcenka a kan layin: in ya maƙale, ya wuce abin da folish zai cike, in kuma kana ganin ƙarfe, a rufe shi kafin damina ta sauka a watan Yuni, ko tsatsa ta shiga ƙarƙashi. A irin wannan hali sai mai fenti, amma ba lallai gefen duka ba. Ba shi lambar launin motar, tana kan ƴar takarda ko farantin da ke ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji, bayan haruffan C/TR. Ka ce 2K kake so da berni, ka ga gwangwanin da idonka. Ruwan azurfa yana da wuyar dacewa, don haka mai fenti na ƙwarai zai watsa launin ya ɗan shiga ƙofar da ke kusa don kada a ga iyaka, sannan ya rufe kowace ƙofa da berni daga gefe zuwa gefe. Ka nemi wanda ke da rufaffen ɗakin feshi, musamman in lokacin hunturu ne da ƙura ke tashi, kuma ka karɓi motar da rana a fili, ba da magariba a ƙarƙashin fitilar garaji ba. Sabon fentin kuma kada a sa masa kaki sai ya yi wata ɗaya aƙalla.